Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu: A Bar wa Dodo Duhunsa

Zuwa ga Shugaba da ma'aikatan Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ranku shi daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin zane ne a wata makarantar sakandare a nan cikin gari, kuma roƙo ne ya kawo ni. Ina roƙon ku ware ɗaki guda, ko da rumfa ce mai ƙyaure, inda matasa za su koyi sassaƙa zane a kan katako ko roba ko ƙarfe, su shafa masa tawada, su buga a takarda da hannunsu. Abin da za su fara bugawa kuma ya zama tatsuniyoyinmu. Na rubuto a fili ne don maganar ta shafi masu wallafa littattafan yara da malaman Hausa da iyaye, ina so su ma su ji.

Ku na nufa saboda garin nan yana da tsohon hannu a cikin lamarin. Manjo Burdon, lokacin da yake Razdan a Sakkwato, ya tara rubuce-rubucen Hausa na ajami daga hannun malamai, ya miƙa wa Frank Edgar, shi kuma ya ƙara da nasa, ya mayar da su boko, aka buga juzu'i uku a Belfast tsakanin 1911 da 1913. Ke nan kalmomin tatsuniya sun fi shekara ɗari da samun mazauni a takarda. Hotonta ne har yau bai sami mai kula da shi ba.

Ku duba abin da ke zuwa hannun yaranmu a littattafai da wayoyi. Gizo ya zama wani ƙwaro mai ƙafa takwas da dara-daran idanu yana murmushi. Dodo ya zama dabbar katun ta ƙasashen waje, an haska shi ta ko'ina, ana iya ƙirga haƙoransa. Yanzu kuma ga hotunan da kwamfuta ke ƙirƙirowa da kanta, masu sheƙi kamar an shafa musu mai, inda bukkar Ƙoƙi da fadar sarki da bakin kogi duk haske iri ɗaya ne ke zuba a kansu. Hausawa sun ce gani ya kori ji, to a nan korar ta yi yawa. Yaron da aka nuna wa Dodo ƙarara ya daina jin tsoronsa, kuma ya daina ƙera nasa Dodon a zuciyarsa, alhali wannan ƙirar ita ce rabin aikin tatsuniya. Kakanninmu ba su taɓa siffanta shi daga kai zuwa ƙafa ba. Gashi, tsawo, murya, shi ke nan. Sauran kuwa duhun tsakar gida ne ke cikawa.

Abin da nake so in fahimtar shi ne, hanyar da aka bi aka fitar da hoto ita ce muryar mai ba da labarin. Tatsuniya ɗaya ce a bakin kaka bayan sallar isha'i da kuma a bakin mai karanta labarun duniya a rediyo, amma ba abu ɗaya yaro zai ji ba. Haka wuƙa da allura da buroshi suke. Kowanne akwai abin da yake iya faɗi, akwai wanda ba ya iyawa.

Bari in fara da sassaƙen katako, don shi na fi so, kuma shi ya fi arha. Mai zane da fensir farar takarda yake samu, ya riƙa ƙara mata baƙi. Mai sassaƙa kuwa idan ya shafa tawada a allon da bai taɓa ba, ya danna a takarda, baƙi ƙirin ne zai fito. Inda wuƙarsa ta ci ne kawai tawada ba ta taɓawa, nan ne fari ke bayyana. Wato da dare yake farawa, ya riƙa yanko haske kaɗan-kaɗan, kuma duk hasken da ya yanko ba ya mayuwa. Wannan ya sa dole ya yi tsimi. Ga al'adar da ake ce wa yara wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata, ban san wata dabarar zane da ta fi wannan dacewa da ita ba. A ce yarinya ce a cikin ɗaki, Dodo na bakin ƙofa yana rera waƙarsa. Mai sassaƙa zai fitar da ƙofar, ya fitar da fuskar yarinyar da hasken aci-bal-bal, sannan a waje ya yi yanka biyu a sama can inda ido bai kamata ya kai ba, da 'yan ƙarce-ƙarce na gashi. Bai zana Dodo ba, amma duk yaron da ya kalli takardar ya gan shi.

Katako kuma yana da taurin kai. Yana da jijiya, idan ka bi ta wuƙa ta tafi sumul, idan ka gitta ta sai ya tsage ya bar kaushi. Don haka layinsa ke fitowa da kusurwa da ƙarfi, kuma wani lokaci jijiyar kanta ta fito a bugu kamar igiyar ruwa ko iska. Kura ta dace da wannan, da zarinta da wautarta da ƙugunta da ya zube. Robar shimfiɗa da ake kira lino ba ta da jijiya, wuƙa na juyawa a cikinta duk inda aka so, layi ya fito a lanƙwashe, santsi, da sauri. Nan ne gidan Gizo. Makircinsa da tsamin bakinsa da yadda yake sulalewa daga kowane tarko, duk layi ne mai lanƙwasa. Ku tuna labarinsa da hankaki, da suka ara masa gashi ya bi su cin ɓaure a tsakiyar ruwa, haɗama ta sa suka ƙwace gashinsu suka bar shi a kan reshe. Hankaka dama baƙi ne mai farin ƙirji, kamar don wannan bugun aka halicce shi. Garken hankaki a farin sama, kowanne ɗauke da gashinsa guda, ga wani ɗan abu tsirara a maƙale a reshe. Ba a bukatar launi ko ɗaya, dariyar ta riga ta fito.

Akwai kuma tambayar da kowane mai zana Gizo zai ci karo da ita, shin gizo-gizo ne ko mutum? Yana noma, yana aure, yana zuwa fada, yana cin bashi. Tatsuniya ba ta taɓa yanke hukunci ba, kuma da gangan ne. Hoto mai sheƙi dole ya zaɓi ɗaya. Baƙar inuwar da aka sassaƙa kuwa tana iya tsayawa tsakani, ƙafafu sirara da suka ɗan yi yawa, ga hula a ka, kowa ya fassara yadda ya ga dama.

Misalin da ya fi nuna haɗarin shi ne na 'yar bora da aka aika wanki ruwan Bagaja, ta isa gidan da ta tarar da Cinya da Kare, Cinya na gurnani, Kare na fassara mata. A kunne abin mamaki ne mai ɗan ban dariya, kuma jarrabawa ce ta ladabi, domin ita ta gaishe su da mutunci, 'yar mowa kuma ta yi musu tsiwa. To a zana wannan cinyar da launin nama da jijiyoyi da sheƙi, me aka samu? Teburin mahauta, ko abin da zai hana yaro barci ba tare da ya koyi komai ba. A sassaƙa ta baƙa, a zaune a kan tabarma kamar dattijuwa, sai ta koma abin da take a labarin, mai gida da ake gaisarwa.

Sai dai kada a ɗauka ina cewa a sassaƙa komai. Ta-kitse ba za ta yarda ba. Yarinyar da aka yi da kitse, wadda kishiyoyi suka tilasta wa aiki a zafi har ta narke, duk tausayin labarinta yana cikin cewa jikinta ba shi da iyaka tabbatacciya. Wuƙa kuwa iyaka take yankawa. Idan aka sassaƙa ta, za ta fito da ƙarfi kamar gunki, labarin ya ƙaryata kansa. Ita tana son bugun dutse, dabarar da Alois Senefelder ya gano a Jamus a 1796, wadda ta dogara ga ƙiyayyar mai da ruwa. Ana zane a kan lafiyayyen dutse da alli mai maiƙo, a jiƙa dutsen, sai tawada ta kama wurin maiƙon kawai ta ƙi wurin ruwan. Ba a yanka komai, don haka taushin hannu da dusashewar inuwa duk suna fitowa yadda aka zana su. Dutsen da aka fi yin aikin da shi daga Baberiya ta Jamus ake haƙo shi, yana da nauyi da tsada, ba na roƙon ku sayo shi. Akwai ƙaramar hanya. A shafa tawada a kan gilashi, a goge wasu wurare da tsumma ko yatsa, a ɗora takarda a murza. Kwafi ɗaya tak ake samu, gefunansa a narke. Ga labarin yarinyar da ba ta jure rana, hoton da ba ya maimaituwa bai yi laifi ba.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, in an lura. Littattafan addini na rubutun hannu da ake sayarwa a bakin masallatai da kasuwa, waɗanda ake ganin alƙalamin marubuci a cikinsu ko da an buga dubbai, da injin da ya gaji wannan dabarar ta mai da ruwa ake buga su. Mutanenmu sun daɗe da sanin cewa hannun marubuci yana da daraja da harafin inji ba ya da ita. Hoto ma haka ne.

Sai ƙarcen ƙarfe. Ana rufe farantin tagulla ko zinki da kakin da asid ba ya ci, a ƙarce zane da allura, a tsoma a asid ya ci inda allurar ta buɗe. A nan tawada cikin ramukan take zama, a goge saman, a danna jiƙaƙƙiyar takarda da injin matsi mai ƙarfi ta tsotso ta. Layin siriri ne, mai rawa, yana iya ɗaukar gashin gira da ƙyallin tsoro a ido. Idan kuma aka barbaɗa garin wani irin ƙaro mai narkewa da ake kira rosin a farantin aka ɗumama shi kafin a tsoma, asid zai ci tsakanin ƙwayoyin, a sami toka-toka mai kama da hazo. Da waɗannan biyun Goya, mai zane ɗan Sifaniya, ya fitar da hotuna 80 a 1799, cike da mayu da jakuna da mutanen dare, yana zolayar camfi da wautar manyan ƙasarsa. Duhunsa ba irin na katako ba ne. Na katako bango ne, ba ka ganin bayansa. Nasa hayaƙi ne, kana hango abu yana motsi a ciki. Labaran mayu da aljanun tsamiya da matafiyin da ya yi sallama a garin da ba gari ba, wannan hazon suke so.

Wanda ya fi kowa nuna abin da wannan hanya za ta iya yi da tatsuniya a Nijeriya shi ne Bruce Onobrakpeya, ɗan ƙabilar Urhobo da aka haifa a 1932. A Arewa ya yi karatun zane, a kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, kuma yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, waɗanda suka dage cewa a karɓi dabarar Turai amma a zuba mata abin gida. A 1967 asid ya ɓata masa wani faranti, ya cike ramukan da gam mai daskarewa, da ya buga sai ya ga takardar ta fito da tudu da kwari. Daga nan ya gina salonsa, inda kunkuru da dodannin dajin Urhobo ke fitowa a cakuɗe da zane-zane kamar an haƙo su daga ƙasa. Dajinsu mai duhu ne, mai sarƙaƙiya, dabararsa ta yi kama da shi. Namu filin Allah ne, da rairayi da ƙaya da sararin sama, don haka kwaikwayonsa ido rufe ba zai fisshe mu ba. Abin koyi shi ne yadda ya nemi dabarar da ta yi daidai da labaran uwarsa. Tun 1998 kuma yake tara masu zane a garinsu Agbarha-Otor a taron koyarwa da ake kira Harmattan, wato hunturu. Sunan iskarmu ne, amma taron a Delta yake.

Game da asid, ba na ba da shawarar a sa shi a hannun 'yan sakandare. Ana iya ƙarce farantin roba mai ƙarfi da allura kai tsaye, ba asid, layin ya fito da ɗan gashi-gashi mai taushi, illa dai farantin ba ya jure bugu da yawa kafin ya lafe.

Bugun rariya kuwa, wanda masu buga riguna da tutocin siyasa ke yi a kowace shiyya ta garin nan, launi yake bayarwa shimfiɗaɗɗe, mai kaifi, ba inuwa. Ba ya iya tsoro ko kaɗan. Amma ranar da Auta ya dawo gari bisa doki, ko bikin 'yar sarki, ko dandali da 'yan mata ke waƙa, shi ne gwani. A nan ma ina roƙon a yi rowar launi. Biyu sun isa, jan fatar nan tamu da shuɗin baba. Duk wanda ya ga su biyun a takarda ya san daga inda hoton ya fito kafin ya karanta suna.

Kada Hukuma ta ji tsoron cewa sai an ɗauko gwanaye daga nesa. Hannayen suna nan, ba a dai taɓa gaya musu cewa aikinsu ɗaya ba ne. Mai yanka sitam da reza a kan roba ya riga ya iya abin da ya fi wahalar da ɗalibaina, wato yanka rubutu a juye don ya fito daidai a takarda. Baduku ya san yadda ake tsaga fuskar jar fata a ɓare ta zane ya fito, ya kuma san danna ƙarfe ya bar alama. Mai zanen ƙwarya, ko da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi, kullum yana yanke shawarar inda zai bar fari da inda zai bar baƙi, kuma da yawa daga cikin masu sanin ƙwarya mata ne, waɗanda su ne ma'ajiyar tatsuniyar tun asali. Wuƙaƙen sassaƙa masu bakin kwalbati, Maƙera Asada za su ƙera su idan aka kai musu samfur. Injin matsi ba dole ba ne ga katako da lino, bayan cokali ya isa a murza takarda. Mutanen Japan ma da hannu suke murza nasu, da tawadar ruwa da ɗan kunun shinkafa suna shafawa da buroshi, abin da ke sa ni tunanin tawadarmu ta allo, ta gawayi da ƙaro, ta cancanci a gwada ta. Itace dai ba mu da shi da yawa, kuma ba zan so a sare ko aduwa ɗaya saboda wannan ba. Guntayen da kafintoci ke zubarwa sun wadatar.

Na san akwai maganar da za ta taso, kuma gara in taɓo ta da kaina, tunda a birnin Shehu muke. Ita ce hukuncin zana abu mai rai. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, fatawa ta masu ita ce. Abin da aka sani dai shi ne malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin sura mai jiki da inuwa da wadda take shafe a kan takarda ko tufa, kuma littattafan makarantun yaranmu cike suke da hotuna tun tuni. Ina ba da shawarar a zauna da malamai tun kafin a fara, a ji iyakar da za su gindaya. Kuma ko da iyakar ta yi tsauri, wannan sana'a ta fi kowace iya aiki a cikinta, domin ƙarfinta a ishara yake. Sawun kura a bakin rijiya, gashin hankaka guda yana faɗowa, ƙofa a buɗe da takalmi ɗaya. Masu zayyana sun ƙawata alluna shekaru aru-aru ba tare da sun zana fuska ba, akwai abin koyo a wurinsu.

Wani zai ce wannan duk wahalar banza ce a zamanin kwamfuta. Amsata ita ce ba gaba ake yi da ita ba. A sassaƙa da hannu, a buga, sannan a ɗauki hoton bugun a sa a littafi ko a intanet, tabon wuƙar yana biye da shi duk inda ya je. Batun kuɗi kuma, a dubi arewa maso gabashin Barazil, yanki mai fari da talauci, inda ake buga ƙananan littattafan waƙoƙin labari a takarda mai arha, da hoton sassaƙen katako a bangon littafin, ana sayarwa a kasuwanni. Mai sassaƙen katako J. Borges, wanda ya rasu a 2024, daga nan ya taso, bai yi dogon karatun boko ba, amma hotunansa sun shiga manyan gidajen adana zane na duniya, kuma a 2018 ƙasar ta sanya wannan adabi cikin gadonta na al'adu. Mu da muke da kasuwar littattafan Hausa da mata ke saye da kuɗin cefanensu, ba mu da hujjar cewa ba za a saya ba.

Sharaɗi ɗaya nake roƙon a kafa idan an buɗe ɗakin. Kada a miƙa wa matashi labari a rubuce a ce ya zana. A kawo tsofaffi mata daga cikin gari da ƙauyuka, daga Wurno, daga Kware, daga Bodinga, su faɗi gatanar da bakinsu, da waƙoƙinta, da inda suke sassauta murya da inda suke tsayawa, a naɗi muryar a ajiye a Hukuma. Sai bayan ya saurara ne mai zane zai zaɓi ko katako ne, ko gilashi, ko rariya. A ƙasan kowane bugu kuma, kusa da lambar kwafi da sunan wanda ya sassaƙa, a rubuta sunan wadda ta ba da labarin idan ta yarda, a kuma ba ta kasonta idan an sayar.

In za a fara, a fara bayan damina kafin hunturu ya kankama, domin ƙura na manne wa ɗanyar tawada, busasshiyar iska kuma na shanye jiƙaƙƙiyar takarda kafin a kai ta ga faranti. Ɗakin yana bukatar tebur mai ƙarfi, da gilashin murza tawada, da rola biyu ko uku, da igiyar shanya, da taga mai labule. Idan Hukuma ta amince da zama a kan wannan, zan zo da ɗalibaina da allunan da suka riga suka sassaƙa, a buga a gabanku ku gani da idonku.

Allah shi ƙara wa Hukuma albarka, shi jiƙan Waziri Junaidu.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin zane,
Sakkwato.